Katakon da Baba Ya Ajiye wa Kabarinsa

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin ana cewa baffanku Mutari ya saci itacen kabarin ubansa ya yi akwatin kiɗa da shi. Kun ji a bakin Gwaggo Hasiya kafin Allah Ya karɓi abinsa, kun ji a bakin matan unguwa, har na taɓa jin ɗayanku, ba zan kama suna ba, yana yi wa ƙaninsa gori wai kada ya zama Mutari. Ina zaune a zaure na ji da kunnena, ban ce uffan ba. To yau zan ce. Hannuna ya soma rawa, zarto ya fi ƙarfina, alƙalami kaɗai ya rage mini, shi ma ba don na gwanance da shi ba. Ku karanta a natse, kuma kada wanda ya zo ya ce mini, "Baba, ai abin ya wuce." Ni na san bai wuce ba.

Kakanku Malam Ila masassaƙi ne, a nan cikin Birni, a wannan zauren da kuke jingine baburanku kuna zubar mini da baƙin mai. Turmi, akushi, ƙotar gatari, kujerar mata, babu wanda bai fito daga gizagonsa ba. Ni na ƙara da zarto da ƙusa a wurin wani mai atiliye, wato shagon aikin katako, na zama kafinta, amma sanin itace a hannunsa na samo shi. Ba ya sayen itace da ido. Sai ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya kasa kunne, ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya kankare da farce ya shinshina, wani lokaci har ya ɗora a harshe. Ya kan ce itacen da bai sha rani bakwai ba yaro ne, zai juya maka baya bayan ka gama aikinka. Mutum ne mai ƙarancin magana da barkwanci mai ɗaci, in ya yi maka wasa sai ka kwana biyu kafin ka gane zagi ne.

A saman zauren, bisa azara, akwai wani ƙunshi cikin tsohuwar tabarma, ɗaure da igiyar kaba. Katakon maɗaci ne guda bakwai, ja wur, kowane tsawonsa kamu biyu. Wata iska ce ta kayar da bishiyar tun ina goye, ya saye ta, ya tsaga, ya fere su da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Katakon rufe kabarinsa ne. Kun san yadda ake yi: in an kwantar da mamaci a 'yar kabari, ana gicciya itace a samansa, a toshe da ganye da ɗanyen laka, sannan a mayar da ƙasa. Shi da idonsa ya ga kabarin mahaifinsa ya rufta a damina ta farko, don ɗanyen itace aka sa masa, gara ta cinye. Ya ce ya ga abin da ɗa bai kamata ya gani ba. Tun ran nan ya yi alkawari shi ba za a yi masa haka ba. Maɗaci ɗaci gare shi, gara ba ta son sa. Kowace kaka sai ya sauko da su, ya goge, ya shafa musu man gyaɗa, ya mayar. In Inna, kakarku, ta ce yana yi wa kansa mugun fata, sai ya ce:

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Ke ki riƙe likkafanin, ni in riƙe rufin ɗakina."

Sai ga shekarar da damina ta yi mana ƙarya. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ta fito ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Kafin lokacin da aka saba jin ƙamshin sabon gero, mutanen ƙauye sun fara kwararowa gari da tabarmi a ka. Gwaggo Hasiya, ƙanwar Baba da ke aure a ƙauyen Dakusa, ta iso da surukarta da jikoki, da tunkiya ɗaya wadda ta mutu kwana uku da zuwansu. Gidanmu ya cika, tukunya kuwa ba ta ƙara girma ba. Jar dawar taimako muke ci in an samu, ran da babu a dafa ganye da dusa. Wa zai sa a yi masa gado ko kabad a irin wannan shekara? Sai in wuni a rumfata ta bakin kasuwa ina wasa zarton da ba zan yanka komai da shi ba. Baba kuwa ƙafafunsa suka kumbura, idonsa ya dushe. Daga baya muka gane rabonsa yake tura wa jikokin Gwaggo, ya share baki ya ce ya ƙoshi. A kakar nan bai ce a sauko masa da ƙunshinsa ba.

Mutari ƙanena ne, shekara tara na ba shi. Shi lakwal, makarantar boko, ya ɗan taɓa, ya baro, ya zama mai gyaran rediyo. Siriri ne, mai yawan dariya, yatsunsa kullum da ƙunar dalma. Ya daɗe yana tara cikin matattun rediyo yana haɗa wani abu a kan kwali, wayoyi ja da kore kamar hanjin kaza. Abin da na'urar ke yi shi ne, a jona mata kaset biyu da abin magana da lasifika, shi kuma ya zauna da maɓallansa yana sarrafa su: ya ɗaga kalangu, ya sauke murya, ya shigo da wannan kiɗa kafin wancan ya mutu, ba a taɓa jin shiru. Ya sa mata suna Linzami, wai da ita ake juya kiɗa. Ni da farko dariya na yi masa, na ce mutane na neman dawa kai kana neman linzami ba doki. Amma da ya kunna mini, wallahi na daina dariya. Yaron nan Allah Ya ba shi kai.

Wani mutum a unguwar Kara-Kara, mai kai lasifika gidajen biki, ya gani ya yaba. A shekarar nan ma'aikata ne kaɗai ke iya suna da ɗaurin aure da kiɗa, don su albashinsu bai dogara da hadari ba. Ya ce zai riƙa ɗaukar Mutari, a biya shi da hatsi, amma ba zai shiga gidan mutane da tarkace a kan kwali ba. Mutari ya gwada sa ta a akwatin kwano, ta riƙa gurnani, wutarta kuma ta fizgi wani maroƙi a leɓe har ya yar da abin magana yana salati. Sai ya zo rumfata ya tsuguna.

"Yaya, itace take so. Busasshe, wanda ba zai lanƙwashe da zafi ba, don in ya motsa ko kaɗan wayoyin za su tsinke. Ka taimake ni."

Na ce, "A ina zan samo maka? An rufe iyaka, ko ɓallin katako ba ya shigowa daga Kano."

Ya ce, "Kai ne ɗan Malam Ila. In akwai itace ɗaya a Damagaram za ka ji ƙamshinsa."

Na nema, kada ku ce ban nema ba. Kwana shida ina yawo. Gawo ba a maganarsa, mu nan tun zamanin sarakunan da ba a sa masa gatari, ga shi a shekarar nan 'ya'yansa ne ke riƙe da ran awaki, kuma ko an ba ka shi taushi gare shi, ƙwaro ke gama shi. Dogon yaro akwai, amma ɗanye, in ka tsaga yau gobe ya murɗe. Aduwa ba ta da faɗi, iyakarta allo. Kirya ta fi ƙarfin zartona, kuma maƙera sun riga kowa. Akwatunan shayi da muke samu a da duk sun shiga murhu. Mutanen ƙauye suna sayar da ƙyauren ɗakunansu, na ƙwanƙwasa fiye da goma, duk amsa ɗaya suke ba ni, ta ruɓaɓɓen ciki. Ko'ina na je sai in ji a kunnena yadda katakon Baba ke amsawa in ya ƙwanƙwasa shi. A nan zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa ko uwarku ba. Yunwa tana ciki, gaskiya ne. Amma ba ita kaɗai ba ce. Tun ina saurayi hannuna ke ƙaiƙayin katakon nan. Ina ganin asara ce a binne itace irin wannan ba a taɓa sa masa zarto ba. Yunwa ta zo ta ba ni hujja, na karɓa hannu biyu.

Ran Juma'a Mutari ya riƙe Baba suka tafi masallaci a hankali, ni na ce zan biyo su. Na taka turmi na sauko da ƙunshin. Na zare uku. Na cusa guntayen katakon banza a madadinsu don ƙunshin ya riƙe kaurinsa, na ɗaure da irin ƙullin Baba, na mayar. Na ce wa raina aro ne, da an buɗe iyaka zan mayar da waɗanda suka fi su. Na san ƙarya nake, babu waɗanda suka fi su. Na naɗe su a buhu na kai rumfa, na rasa sallar Juma'a ran nan. Da Mutari ya gan su ya riƙe baki, na ce tsohon ƙyaure ne na samu wajen wani Buzu. Ya yarda. Me zai hana shi yarda? Shi bai san itace ba, kuma bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Ban taɓa aiki mai kyan wannan ba, kafin nan da bayan nan, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Na auna sau uku kafin in ɗora zarto. Da haƙoran suka shiga, jan gari ya zubo, ɗacinsa ya hau mini maƙogwaro, amma ban tsaya ba. Na fitar da fuska da gindi, kowane kamu ɗaya da 'yan yatsu. Ragowarsu na yi gefuna, na sassaƙe su don fuskar ta kwanta a karkace, hannun mai juyawa ya huta. Na uku na tsaga shi biyu a tsaye, siriri gaba, siriri baya, na yi wa na bayan tsaguwa don zafi ya riƙa fita. Kusurwoyin ban sa musu ƙusa ba, haƙora na yanka suka cije juna. Mutari ya zana mini wuraren maɓallai da gawayi, na huda ramuka tara a fuskar, a jere. Na goge da takardar yashi har sai da ya yi santsi, na shafe da ɗan man kaɗe da na roƙa wajen uwarku. Ta ga jan gari a gashina, ta dube ni, ta miƙo mini man.

Da Mutari ya ɗaure na'urar a ciki, murna ta hana shi zama. Ya ce sai Baba ya gani. Na ce a bar tsoho ya huta, ya ƙi ji. Ya ɗauko ta ya ajiye a gaban Baba a zaure, bayan la'asar, daga mu sai shi. Baba ya miƙa hannu ya shafa fuskar. Ya bi kusurwa da yatsa. Sannan ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa, sau biyu. Ya ɗaga kai sama wajen azara, da idon nan nasa da ba ya gani sosai, ya daɗe.

Ya ce, "Wa ya zaɓi itacen?"

Mutari ya ce, "Yaya ne, Baba. Wajen wani Buzu ya samo."

"Buzu," in ji Baba. "Lalle Buzun nan ya san itace." Ya sake shafa kusurwar. "Lawali, haƙoran sun zauna. Hannunka ya nuna. Sai dai ka sani, abin da zarto ya rage ba a ƙara masa tsawo." Ya juya wajen Mutari ya ce, "Kunna mana mu ji abin da aka yi wahala dominsa."

Mutari ya jona batir ya kunna, ya riƙa ɗaga garaya yana sauke ta, yana dariya. Baba yana gyaɗa kai. Na jira ya kira ni gefe, ran nan ko washegari. Bai kira ba. Da ya zage ni, da ya ɗaga sandarsa ya sauke mini, da na samu sauƙi.

Linzami ta fita biki, Mutari ya dawo da gero a ƙullin rawani, gero na gaske, wanda muka yi wata da watanni ba mu gani ba. Inna ta dama kunu. Ni na kai wa Baba nasa, na tsaya a kansa don kada ya tura wa yara. Ya sha har ƙasa, ya miƙo mini ƙwaryar, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji:

"To, yau na sha rufin ɗakina. Ba laifi, da daɗi."

Bikin nan da wasu 'yan kaɗan bayansa su suka riƙe gidan nan har aka ga bayan rani. Wasu cikin jikokin Gwaggo da kuke kira yaya yanzu, da geron akwatin nan suka rayu. Ina faɗa ne don gaskiya ce, ba don ta wanke ni ba.

Baba bai ga damina ba. Ya rasu wata Talata da hantsi. Aka yi masa wanka, Inna ta fito da likkafani, zaure ya cika da maƙwabta da liman. Gwaggo Hasiya ta leƙo daga soro tana kuka ta ce a sauko wa Yaya da katakonsa, kada a manta da wasiyyarsa. Wani maƙwabci ya hau ya sauko da ƙunshin, ya yanke igiyar a gaban kowa. Huɗu ja suka bayyana, sai guntayen banza suka zube ƙasa, babu wanda ya kai kamu ɗaya. Linzami kuwa tana nan a lungu inda Mutari ya saba ajiye ta, ja wur, tana sheƙi. Gwaggo ta dubi katakon, ta dubi akwatin. Ba ta san itace ba, amma ta san launi.

"La'ilaha illallahu! Mutari! Kabarin ubanka ka yanka ka yi ganga? Yana kwance yana yunwa kana kiɗa da makwancinsa? Wayyo Yaya, ka haifi abin da ya ci ka!"

Mutari ya dubi akwatin, sannan ya juyo ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane, na ga maganar Buzu ta faɗo masa. Jirana yake in faɗa. Kalma biyu ce kawai, "ni ne." Ina da baki, ina da numfashi. Amma liman na gefena, dattawan unguwa sun riga sun fara ce mini maigida, gawar Baba na kwance a bayana. Na ji kunya ta fi ƙarfina. Na sunkuyar da kai na dubi ƙasa, mutane suka ɗauka baƙin cikin abin da ƙanena ya yi ne. Har wani ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri.

Mutari ya durƙusa ya kwance maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya zaro na'urar ya ajiye a kan tabarma. Ya ɗauki gudumar Baba. Haƙoran nan da na yi alfahari da su suka ƙi saki, sai da ya yi ta dukansu, kowane duka ina jin sa a haƙarƙarina. Ya rungumi katakon ya bi makara da su, shi kaɗai, babu wanda ya jera da shi. A maƙabarta aka gicciya huɗun nan lafiya. Gindin akwatin ya hau da ƙyar, bakinsa kaɗan ya kama. Fuskar ma haka, ita ta faɗo daidai ƙirjin Baba, da ramukanta tara, ana hango farin likkafani ta cikinsu. Mutari ya sauka da gwiwa ya riƙa cura laka yana toshe su da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, mutane na tsaye suna kallo. Wajen ƙafafu ya rage a buɗe, gefunan sun yi gajere. Da siraran nan biyu da fasasshiyar tukunya aka rufe shi.

Bayan sadakar bakwai ya ɗaure kayansa a buhu. Inna ba ta amsa sallamarsa ba, ta juya fuska bango. Na bi shi har tasha, inda manyan motocin arewa ke lodi. Sai a can bakina ya buɗe, inda ba mai ji. Na ce mu koma, zan tara mutane in faɗa.

Ya ce, "Da a zaure ka faɗa, Yaya. Yanzu in ka faɗa, Inna ta rasa 'ya'ya biyu ke nan, gida kuma ya rasa babba. Ga mutum nawa a wuyanka. Ni ba ni da kowa."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Akwatin ya yi kyau, ka sani. Ka ajiye mini Linzami, kada ƙasa ta shige ta." Ya hau mota.

Yafiyar bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba, kuma ban sake ganinsa ba. Wasiƙa biyu ya aiko daga garin ma'adinai, yana gaida Inna, ita kuwa ta ce kada a karanta mata. Ta rasu tana ganin ɗan autanta ɓarawon kabari ne, ina zaune a gefenta ina mata fifita. Shekara ta huɗu wani direba ya kawo mana labarin zazzaɓi ya ɗauke shi a can, baƙi suka binne shi. Ban san da wane itace aka rufe shi ba. Damina ta dawo, aka buɗe iyaka, katako ya cika kasuwa, na yi suna, har ana cewa Malam Lawali ba ya cin amanar itacen mutane. Kabarin Baba ina zuwa duba shi kowace damina. Wajen ƙafafu ya ɗan lotsa, nakan ƙara ƙasa.

Kun san ƙunshin da ke saman azara yanzu, wanda kuke zolayata da shi kuna cewa tsoho ya gaji ubansa. Maɗaci ne, bakwai, na fi shekara ashirin ina shafa musu mai. A ƙarƙashin gadona kuma akwai kwali ɗaure da tsumma, wanda na hana ku taɓawa tun kuna yara. Linzami ce. Sau da yawa na ɗauko zarto in yi mata akwati, sai in kasa, don yin sa yana nufin a tambaye ni dalili. Ga wasiyyata, kuma ban yarda a canza ta don jin kunyar mutane ba. Ran da na mutu, ku sauko da ƙunshin a gaban duk wanda ya zo zaure. Ku zare uku ku ajiye wa Linzami, awon yana rubuce a bayan kwalin. Huɗu sun ishe ni, sauran ku cike da fasasshiyar tukunya. In liman ko wani dattijo ya tambaya ina sauran katakon, kada ku sunkuyar da kai. Babbanku ya ɗaga murya ya ce, "Na Mutari ne. Ubanmu ne ya saci na kakanmu, ba shi ba."